Takardar da maƙwabciya ta liƙa mini a ƙofa

Sabon Baƙo:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawararku a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadi. Watana takwas ke nan a Jamus, ina aiki a wani kamfani, kuma ina haya a hawa na uku na wani bene mai gidaje goma sha biyu. A tsawon wannan lokaci babu ko mutum ɗaya cikin maƙwabtana da ya tambaye ni sunana ko inda na fito, kuma idan muka haɗu a matattakala gaisuwar ba ta wuce kalma ɗaya, wani ma ɗaga kai kawai yake yi ya wuce. Na daure da wannan, ina cewa wata rana za a saba.

Ranar Lahadi da misalin ƙarfe 11 na safe na ɗauko na'urar huda bango domin in kafa katakon da zan jera littattafaina, aikin da bai ɗauke ni minti ashirin ba. Da na dawo daga yawo da yamma sai na tarar an liƙa mini takarda a ƙofa, da rubutun hannu mai kyau kamar na malamar makaranta, ana sanar da ni cewa Lahadi ranar hutu ce, ba a huda bango, kuma in duba dokokin gidan da ke rataye kusa da ƙofar shigowa. A ƙasan takardar, tsohuwar da ke zaune a hawa na biyu ta sa sunanta. Ban musa cewa na yi kuskure ba. Abin da ya yi mini ciwo shi ne, tsakanin ƙofarta da tawa taku goma sha shida ne kacal, tana jin ƙarar tun farawata, amma ba ta hawo ta ce in dakata ba, sai da ta jira na fita sannan ta lallaɓo ta liƙa takarda inda duk wanda ya wuce zai karanta. Shin wannan ƙin jinin baƙi ne, ko kuwa haka halinsu yake? Kuma me ya kamata in yi, in sauka in same ta, in mayar mata da amsa a rubuce, ko in share ta?

Dattijon Hamburg:

Wa alaikumus salam, ɗana. Shekarata 31 a ƙasar nan, irin takardar da kake magana na karɓi fiye da biyar, na kuma rubuta guda biyu da hannuna, ka ga inda zama ya kai ni ke nan.

Da farko ka sani cewa maganar Lahadi ba son ran tsohuwar ba ce. Kundin tsarin mulkin ƙasar da kansa ya kare Lahadi a matsayin ranar hutu a sashe na 140, wanda ya ɗauko wannan tanadi daga tsohon tsarin mulkin Jamus na 1919, wanda ake kira na Weimar. Shi ya sa kake ganin manyan shaguna a rufe ranar, in ban da na tashoshin jirgin ƙasa da gidajen mai da masu gasa burodi da ake bai wa 'yan awanni. Haka kuma daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, sannan dokokin gidan da ta ambata galibi suna haɗe da yarjejeniyar hayar da ka sa wa hannu, wadda na tabbata ba ka karanta har ƙarshe ba, kamar yadda ni ma ban karanta tawa ta farko ba.

Abin da nake so ka sake dubawa shi ne sunan da ta sa. Wanda ya tsane ka ba ya sa suna. Mai gida yake rubuta wa, ko ya kira hukuma, kai kuwa ba za ka taɓa sanin wanda ya kai ƙararka ba. Ita ta bayyana kanta, wato ta yarda ka zo ka same ta. Su mutanen nan, ƙwanƙwasa ƙofar mutum ba tare da an yi alkawari ba kutse ne a wurinsu, domin ka tilasta masa ya buɗe a duk halin da yake ciki, ya tsaya ana yi masa gyara ido da ido. Takarda tana ba ka dama ka karanta kai kaɗai, ka ji haushinka, ka huce, ba tare da kowa ya ga fuskarka ba. Na yarda cewa da ta zura ta a akwatin wasiƙunka da ya fi mutunci, amma a nata lissafin sassauci ta yi maka. Akwai maƙwabcin da muka yi shekara ashirin tare, har yau da “Sie” na girmamawa muke kiran juna, ba mu taɓa saukowa zuwa “du” na abota ba, ban taɓa shan ko ruwa a ɗakinsa ba, amma mabuɗin gidana yana hannunsa duk lokacin da na yi tafiya, kuma ban taɓa dawowa na tarar shukata ta bushe ba. Ka sauka ka ba ta haƙuri a gajarce, kada ka yi dogon bayani, kuma kada ka sa ran za ta ce ka shigo.

Uwar Biyu:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina ganin ka yi musu ado fiye da kima. Shekarata tara a Sweden, kuma na gaji da jin cewa duk shariyar da ake yi mana wai girmamawa ce. Wani ɓangare girmamawa ne, na yarda, amma wani ɓangaren kaɗaici ne tsagwaronsa, kuma su ma yana cin su. In ba haka ba, me ya sa gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan kuma ta bi sahu a 2021? Ba a naɗa minista a kan abin da ke tafiya daidai.

Na haifi ɗana na fari a watan Disamba, lokacin da hasken rana a Stockholm bai fi awa shida ba, ƙarfe 3 na rana duhu ya rufe. Mijina ya koma aiki, ni kuwa na yi kwana goma sha ɗaya ban yi magana da wani babba ba in ban da shi da ma'aikaciyar jinya. Maƙwabciyata tana jin kukan jaririn ta bango, abin da ta yi shi ne ta zuro mini kati mai hoton fure ta ƙarƙashin ƙofa. Na zauna da katin a hannu ina kuka, domin a lokacin abin da nake bukata shi ne wanda zai riƙe mini yaron minti goma in yi wanka. Daga baya, da muka saba, ta gaya mini cewa sau uku tana zuwa bakin ƙofata tana komawa, tana tsoron kada ta takura mini. Ka ga bango ɗaya ya raba mata biyu, ɗaya tana neman taimako, ɗaya tana son bayarwa, al'ada ta hana su haɗuwa. Wannan ba abin yabo ba ne. Ƙanena, ka je ka ba da haƙurin kamar yadda Baba ya ce, amma kada wani ya sa ka ji kamar ciwon da ka ji laifi ne.

Malam Mai Alli:

Hajiya ta taɓo wurin da ya dace, sai dai ina so in ƙara dalilin da ya sa abin ya zama haka, domin sanin dalili yana rage zafin abu ko da bai kawar da shi ba. A ƙasashen nan, ayyukan da maƙwabci yake yi wa maƙwabci hukuma ta karɓe su tun da daɗewa. Jamus ta kafa inshorar lafiyar ma'aikata a 1883 zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, ta kafa fanshon tsufa a 1889, sannan a 1995 ta ƙara inshorar kula da gajiyayyu. Mutumin da kakansa da ubansa suka tashi a cikin wannan tsari, idan ya kwanta ciwo motar asibiti yake kira, idan aiki ya ƙare ofis yake zuwa, idan ya tsufa akwai ma'aikatan da za su zo su yi masa wanka. Maƙwabci ya daina zama jigon rayuwa, sai ya koma wanda ake bukatar abu ɗaya daga gare shi, wato kada ya dame ka. A nan ne darajar shiru ta hau sama. Tsohuwar da ta rubuta maka takarda tana auna nagartar maƙwabci da rashin jin motsinsa, kai kuma kana auna ta da yawan jin motsinsa, kowane ɗayanku yana ganin ɗayan ya gaza.

Sannan wata takwas lokaci ne da aka san shi. Wani masanin ɗabi'un al'ummomi mai suna Kalervo Oberg, a wata lacca da ya gabatar a Rio de Janeiro a 1954, ya bayyana cewa baƙo yakan bi matakai huɗu: na farko kamar amarci, komai yana burge shi, na biyu jin haushi da tsargi, inda kowane ƙaramin abu yake zama shaida cewa ba a son sa, na uku ya fara yi wa kansa dariya, na huɗu sabo. Masana na baya sun nuna cewa ba kowa ke bin su a jere ba, wani yakan koma baya, amma mataki na biyu kusan duk wanda ya zauna a waje ya san ɗanɗanonsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 281 ne ke zaune a ƙasar da ba a nan aka haife su ba, saboda haka ba kai kaɗai ba ne ke tsaye a bakin ƙofa da takarda a hannu.

Ɗan Kasuwar Guangzhou:

Malam, duk maganarku ta tsaya a Turai, kamar ita kaɗai ce ƙasar waje. Mu a nan China kukanmu akasin naku ne. Mutumin da kuka haɗu yau zai tambaye ka shekarunka, ko kana da aure, nawa kake samu a wata, kuma ba ya ganin ya shiga hurumin kowa. Idan aka ci abinci tare, biyan kuɗi kokawa ce ta gaske, na ga manyan mutane suna ture juna a gaban mai karɓar kuɗi, kowa yana son shi ya biya. Da farko na ɗauka karamci ne kawai, ina ta cin na mutane ina godiya, sai da wani abokin ciniki ya fara ja baya sannan na gane cewa ana rubutawa a zuci, kuma wanda ake ciyarwa sau uku bai rama ba ya zubar da kansa.

Babban kuskurena shi ne agogon bango mai tsada da na kai wa wani dattijo ranar da ya buɗe sabon shago. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi murmushi, ya tura shi ƙarƙashin teburi. Bayan mako biyu mai fassarata ta gaya mini cewa a harshensu furucin “ba da agogo” daidai yake da furucin raka mutum kabari. Haka lamba 4 take kama da kalmar mutuwa, har wasu benaye ba su da hawa na huɗu a jikin lif, ita kuwa 8 lambar arziki ce, shi ya sa aka buɗe gasar Olympics ta Beijing ranar 8 ga wata na 8 a 2008 da ƙarfe 8 na dare. Baƙo ko da ido makaho ne. Ni dai da za a riƙa liƙa mini takarda a ƙofa ana gaya mini laifina a fili, da na gode, domin a nan murmushi ake yi maka har ka rasa ciniki ba ka san dalili ba.

Ɗalibar Osaka:

Yaya Sabon Baƙo, ina da tambaya ɗaya, kuma ka gafarce ni idan ta yi tsauri. Ka ce babu wanda ya tambaye ka sunanka. Kai ka gaya wa wani? A Japan, wanda ya tare a sabon gida shi ne yake bin maƙwabta, na dama da na hagu da na sama da na ƙasa, da ƙaramar kyauta irin tawul ko sabulu, ya gabatar da kansa, ya nemi a yi haƙuri da hayaniyar kwashe kaya. Idan bai yi ba, babu wanda zai zo, kuma za a ɗauka cewa shi ne yake son a bar shi. Ni ban sani ba sai da na yi wata huɗu ina jiran a zo a yi mini barka da zuwa, su kuma ashe suna jiran in fito.

Ni ma na sami tawa takardar, sai dai a jikin buhun shara aka liƙa ta. Na haɗa abin da ake ƙonawa da wanda ba a ƙonawa, masu kwasa suka bar buhun a wurin da jan tambari, ya wuni a bakin titi duk unguwa tana gani, kuma kowa ya san na wane ne tunda ni kaɗai ce baƙuwa. Wata tsohuwa ta kawo mini jadawalin ranakun shara, ta ja layi da alƙalami a ƙarƙashin kowace rana, tana ta sunkuyawa tana ba ni haƙuri kamar ita ce ta yi laifin. Daga wannan buhun sharar muka saba.

Injiniyan Rotterdam:

A Holand kuwa ba a ɓoye-ɓoye. Abokin aikina ya saya mini kofi da safe, kafin azahar ya turo mini saƙo ta Tikkie, manhajar waya ta neman biyan kuɗi, in biya shi kuɗinsa. Na yi kwana biyu ina fushi, alhali shi a wurinsa ya sauke mini nauyi ne, don kada in zauna da bashin kowa a wuya. Shi ɗin dai ne ya ɗauki hutun yini guda ya taya ni kwashe kaya, bayan ya duba littafin alkawuransa ya ba ni rana mako uku gaba.

Direban Jidda:

Ina karanta ku ina murmushi, domin matsalarku ta masu takardu cikakku ce. A nan gaisuwa ba ta ƙarewa, a tambaye ka lafiya sau biyar, a zuba maka gahawa, ku tsaya sahu ɗaya a masallaci kafaɗa da kafaɗa. Amma shekarata goma sha huɗu, ina jin harshen kamar ɗan gari, ban taɓa mantawa ko na yini ɗaya cewa zamana yana rataye da sa hannun mutum guda ba. A watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta tsarin kafala, wanda ke ɗaure ma'aikaci baƙo ga wanda ya ɗauke shi aiki, aka bai wa ma'aikata da yawa damar canja wurin aiki ba tare da izinin mai gida ba, amma masu aikin gida da direbobin gida irina ba mu shiga ciki ba. Saboda haka idan aka ce mini wata ƙasa mutanenta ba sa sakin fuska amma doka tana kare ɗan haya daga mai gida, ba na saurin tausaya wa wanda ke can. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, haka ne, amma na ga inda fuska take a shimfiɗe ƙofa kuwa a kulle. Ƙanena, tsohuwarka ta ɗauke ka a matsayin wanda doka ɗaya ta hau kansa da ita, tana ganin kana da haƙƙi kamar nata da nauyi kamar nata. Wasunmu shekara da shekaru muke nema a yi mana wannan kallon.

Baban Yara:

Ni ina da ja a kan inda maganar nan ta dosa. Kowa yana cewa a bi, a saba, a ba da haƙuri, kamar dai idan ka je gari ka tarar kowa da wutsiya kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura. To ina iyakar bin? Yau huda bango ne, wannan mai sauƙi ne, babu wanda imaninsa ya dogara da na'urar huda bango. Amma abin ba ya tsayawa nan. A Denmark tun daga 2019 sai ka yi musabaha da jami'i a wurin bikin ba da shaidar zama ɗan ƙasa, ko namiji ne ko mace, in ka ƙi ka rasa. A Faransa dokar 2004 ta hana ɗalibai sa alamomin addini na fili a makarantun gwamnati, ciki har da ɗankwalin 'yan mata. Shekarata goma sha bakwai a Ingila, kuma na ga mutanen da suka fara da “ai al'adarsu ce” suka ƙare 'ya'yansu ba sa jin harshen iyayensu, ba sa iya zama da kakanninsu minti biyar a waya. Wanda ya saba sunkuyawa a ƙananan abubuwa, ranar da babban ya zo ba zai iya miƙewa ba.

Uwar Biyu:

Yaya, na fahimci tsoronka domin ni ma ina kwana da shi, amma ban yarda da jimlarka ta ƙarshe ba. Abin da na gani shi ne akasin haka: wanda ya ƙi bin ƙananan abubuwa yakan ƙarar da mutuncinsa a kan shara da hayaniya da makara, ranar da yake bukatar a saurare shi a kan babban abu sai a tarar an riga an yi masa hukunci. A makarantar yarana na nemi a riƙa ba su abincin da ya dace da addininmu, na kuma nemi hutun ranar salla, aka ba ni ba tare da gardama ba, kuma na san cewa rashin makarata a taron iyaye ko sau ɗaya yana cikin abin da ya sauƙaƙa.

Maganar yara kuwa ita ce mai wuya, ban raina ta ba. Sweden ce ƙasa ta farko da ta haramta dukan yara, tun 1979, kuma yaro ɗan shekara biyar ya san da haka. Ɗalibai da sunansa suke kiran malami, babu wani laƙabi. Ranar da ɗana ya dawo yana ba ni labarin malaminsa da sunansa tsirara kamar abokin wasansa, sai da gabana ya faɗi. Amma na je na ga yadda yaran suke yin tsit idan malamin ya fara magana, sai na gane cewa ladabin yana nan, wurin ajiye shi ne ya bambanta. Harshe kuma aikin gida ne, babu dokar ƙasar da ta hana ka magana da ɗanka da harshenka. Gajiyarmu ce take sa mu amsa musu da harshen makaranta.

Dattijon Hamburg:

Baban Yara, tambayarka ta iyaka tana da nauyi, kuma kowa shi zai shata tasa. Ni tawa ita ce, abin da ya shafi jin daɗin wanda muke bango ɗaya da shi ina bin na gari, abin da ya shafi tsakanina da Ubangijina ba na neman izinin kowa, kuma a shekara 31 sau ƙalilan ne biyun suka yi karo. Idan mace ta miƙo hannu, wasu abokaina sukan dafa ƙirji su ɗan sunkuya su yi bayani a jimla ɗaya, wasu kuma sukan karɓa. Na ga an zauna lafiya da kowane.

Kuma kada a ce na wanke kowa. Ƙin baƙi yana nan, na sha shi. Na taɓa neman gida a waya aka ce in zo in gani, da na isa mai gidan ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce an riga an bayar, bayan kwana biyu abokin aikina Bajamushe ya kira aka ce masa yana nan. Tun 2006 akwai dokar da ta haramta irin wannan wariya, amma tabbatar da ita a gaban hukuma aiki ne. Dalilin da ya sa nake so ɗana ya koyi bambancewa ke nan. Idan ya kira takardar tsohuwa wariya, ranar da ta gasken ta zo ba zai sami sunan da zai kira ta da shi ba, kuma zai riga ya gaji.

Sabon Baƙo:

Na gode muku duka, iyaye da yayye. Ƙanwata ta Osaka, tambayarki ta kama ni, domin gaskiya ban taɓa gaya wa kowa sunana ba, ina jira a tambaye ni. Baban Yara, ban watsar da maganarka ba, sai dai na ga cewa a wannan karon bango kawai na huda.

Ranar Talata da ƙarfe 6 na yamma na sauka. Na tsaya a bakin ƙofarta kusan minti ɗaya kafin in danna ƙararrawa. Ta buɗe da sarƙa a jikin ƙofar, da ta ga ni ne sai ta cire. Na faɗi jimloli ukun da na haddace, cewa ni ne na hawa na uku, ban san dokar ba, ba zan sake ba. Ta ce babu komai, sannan ta lissafa mini ranaku da awannin da aka yarda a yi aikin ƙara, ta kuma ƙara da cewa kwalaben gilashin da nake zubawa a kwandon robobi ba nan ne wurinsu ba, akwai manyan tankuna a ƙarshen layi, fari daban, kore daban, ruwan ƙasa daban, su ma ba a zuba musu ranar Lahadi. Ashe tun tuni tana lura da ni. Ba ta ce in shigo ba, kamar yadda Baba ya faɗa. Amma kafin ta rufe ta tambaye ni yadda ake furta sunan da ke jikin akwatin wasiƙuna, ta maimaita sau biyu, na biyun ya kusa daidai.

Yau Juma'a na dawo daga aiki na sake tarar da takarda a ƙofata, da rubutun nan dai, sai da gabana ya faɗi kafin in karanta. Mai kawo saƙo ne ya zo ba na nan, ta karɓar mini kwalin. Ta rubuta cewa in sauko in ɗauka kafin ƙarfe 8, domin da ƙarfe 8 tana kallon labarai.